Sharhi Kan Hidimar Mai Raba Gardama: Yadda Aka Yanke Rigimar Cinikin Riɗina Ba Tare da Zuwa Kotu Ba

Sana'ata sayen riɗi ce. Ina bin kasuwannin Jigawa da Nasarawa a lokacin kaka, in tara kaya a sito a Dawanau, a rairaye a bakace, sannan in sayar wa kamfanonin da ke fitar da shi zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. A duk shekarun da na yi ina wannan harka, abin da nake dubawa a takardar yarjejeniya bai wuce uku ba: farashin tan, ranar kai kaya, da kafin alƙalamin da za a ba ni. Sai da wani kamfani a Legas ya riƙe mini kuɗin tirela uku, yana cewa ƙura da tsakuwar da ke cikin kayan sun wuce adadin da muka yi ittifaƙi a kai, sannan lauyana ya ɗora yatsa a kan wani sakin layi da ke kusa da ƙarshen takardar, inda na amince da sa hannuna cewa duk saɓanin da ya taso tsakaninmu ba za a kai shi kotu ba, za a miƙa shi ga mai raba gardama a wata cibiya mai zaman kanta da ke Abuja. Wannan rubutu bayani ne a kan hidimar da na samu a can, da abin da ya gamsar da ni, da abin da nake ganin yana buƙatar gyara. Ba zan ambaci sunan cibiyar ko na kamfanin ba, domin tun a zaman farko mun sa hannu a kan sharaɗin rufe sirrin abin da ya gudana.

Na tafi ne da zaton cewa sulhu za a yi mana irin wanda muka saba a kasuwa, inda shugabannin layi da dattawa kan zaunar da mutum biyu, a ba wannan haƙuri a ba wancan, a ce kowa ya sassauta, a raba asarar gida biyu, a shafa fatiha a tashi. Wannan aikin mai shiga tsakani ne, kuma aiki ne mai daraja ƙwarai, sai dai mai yinsa ba shi da ikon tilasta wa kowa komai. Idan ɗaya ya ƙi amincewa, magana tana nan inda take. Mai raba gardama kuwa alƙali ne da masu rigimar suka naɗa da kansu, ya saurari hujjoji, ya duba takardu, ya yi wa shaidu tambayoyi, sannan ya yanke hukuncin da zai hau kan kowa, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Alƙalin kotu gwamnati ce ta ba shi kujera, kuma kowa aka kai gabansa dole ya je ko bai so ba. Shi kuwa wannan, ikonsa gaba ɗaya daga yardar mutum biyun nan ya samo asali, kuma iyakarsa ita ce iyakar abin da suka miƙa masa. Duk amfanin wannan hidima da duk haɗarinta suna ƙunshe ne a cikin wannan yardar ta farko, wadda yawancinmu 'yan kasuwa muke bayarwa ba tare da mun san mun bayar ba.

Da na fahimci haka sai na ga ashe abin ba baƙo ba ne a wurinmu, suna ne kawai ya sauya. Malamai suna kiransa tahkimi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai hukunci ɗaya daga dangin miji da ɗaya daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata. Kowa kuma ya san labarin sake gina Ka'aba, lokacin da ƙabilun Ƙuraishawa suka kusa zubar da jini a kan wanda zai mayar da Hajarul Aswadi mazauninsa, har suka amince cewa duk wanda ya fara shigowa ta ƙofa shi zai raba musu gardama, aka yi dace Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo, yana ɗan shekara 35, kafin a aiko shi da manzanci. Abin lura a nan shi ne sun amince da hukuncin tun kafin su san wane ne zai yanke shi, balle su san abin da zai ce. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar Hausa, sun halatta tahkimi a kan al'amuran dukiya, sun hana shi a kan irin su haddi da kisa da tabbatar da nasaba, sun kuma shardanta cewa kada wanda aka naɗa ya zama jahili ko ɗaya daga cikin masu husumar. Dokar Najeriya ma ba ta barin mai raba gardama ya taɓa shari'ar laifi, harkarsa ciniki ce da kwangila da makamantansu.

Dokar da aka yi mana aiki da ita sabuwa ce, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayu, 2023, kwana uku kafin ya sauka daga mulki, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Abubuwa biyu daga cikinta sun shafe ni kai tsaye. Na farko, da na matsa wa lauyana cewa mu shigar da ƙara a babbar kotun jiha kawai, sai ya ce mini ko mun shigar, kamfanin zai nuna wa alƙali wancan sakin layi, dokar kuma ta wajabta wa kotu ta dakatar da shari'ar ta mayar da mu inda muka yi alkawarin zuwa. Na biyu, idan masu yarjejeniya ba su faɗi adadin masu raba gardama ba, yanzu mutum ɗaya ake naɗawa, alhali a tsohuwar dokar uku ne, kuma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin irin wannan zama ya san abin da wannan sauyi yake ragewa daga aljihu.

Inda cibiyar ta fara burge ni shi ne wajen zaɓen mutumin da zai yi hukuncin. Ta aiko wa kowane ɓangare sunayen mutum uku tare da tarihin aikinsu, aka kuma haɗa da takardar da kowannensu ya bayyana duk wata alaƙa da yake da ita da ɗayanmu, wanda wajibi ne doka ta ɗora musu. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa ofishin lauyoyinsa ya taɓa yi wa wani kamfani aiki wanda ke da masu hannun jari ɗaya da abokan rigimata. Ba wanda ya san da wannan, kuma da ya yi shiru da wuya in gano, amma ya faɗa da kansa, muka cire sunansa, ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Wanda muka amince da shi a ƙarshe dattijon lauya ne da ya daɗe yana aikin takardun fitar da amfanin gona ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Idan akwai shawara ɗaya da zan ba ɗan kasuwar da ya samu kansa a wannan matsayi, ita ce kada ya bar wa lauya shi kaɗai wannan zaɓi, ya zauna ya karanta tarihin mutanen ko a karanta masa, domin bayan an naɗa mutum, fitar da shi sai da dalili mai ƙarfi na son kai ko rashin cancanta.

Zaman farko ta bidiyo aka yi, ina ofishin lauyana a Kano, su suna Legas, shi yana Abuja. A cikin sa'a ɗaya ya tsara ranar da zan miƙa ƙorafina a rubuce, da ranar da za su ba da amsa, da ranar sauraron shaidu, kuma ya bayyana cewa duk wanda ya wuce ranarsa ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba zai ci gaba da aiki ba tare da takardarsa ba. Ya cika wannan magana. Lauyoyin kamfanin sun nemi ɗage zama sau biyu, ya amince da ɗaya saboda rasuwa da aka yi musu, ya ƙi ɗayan. Wanda ya taɓa yin sintiri a kotu, yau alƙali ya tafi taro, gobe an sauya masa wurin aiki a fara shari'a daga farko, shi zai san darajar wannan. Ga ɗan kasuwa jinkiri kansa asara ce, musamman tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, lokacin da kuɗin da zai saya maka tirela guda a bana ba lallai ya saya maka ita a baɗi ba.

Ranar sauraron shaidu ce ta nuna mini ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa. Ba sai da aka ɓata lokaci ana yi masa bayanin mene ne samfur, ko dalilin da ya sa nauyin kaya a sikelin Kano yake bambanta da na Legas bayan tafiyar kwanaki a bayan mota ba, duk ya san wannan. Tambayarsa ta farko ga wakilin kamfanin ita ce wa ya ɗebi samfurin da aka gwada, daga buhu nawa, kuma ko akwai wakilina a wurin lokacin da aka ɗiba. Nan take ta bayyana cewa tirela biyun farko an sauke su, an sa hannu a takardar karɓar kaya ba tare da wani ƙorafi ba, har an zuba su cikin kwantena, sai bayan isowar ta uku aka ɗaga maganar ƙura aka shafa wa duka. Ya karɓi saƙonnin WhatsApp da muka yi musaya a matsayin hujja, ya kuma saurari mai kula da sitona, wanda bai taɓa shiga aji ba, da irin natsuwar da ya saurari manajan kamfanin. Da ya ga dattijon mai kula da siton yana rawar murya, sai ya dakata ya ce masa, Baba, kwantar da hankalinka, abin da idonka ya gani kawai nake so. Ni kuma duk tsawon zaman Alhaji yake ce mini, amma wannan girmamawa ba ta hana shi tsare ni da tambaya ba lokacin da ya ga rasit ɗin injin da ya tace kayan tirela ta uku yana ɗauke da kwanan watan da ya zo bayan ranar lodi. Gaskiyar magana ita ce an yi lodin wannan motar cikin gaggawa don cika wa'adi, kuma wani ɓangare na kayan bai bi ta inji ba. Ya ba da umarnin a kai ragowar samfurin da ke rufe da hatimi wani ɗakin gwaji da dukanmu muka amince da shi, sakamakon kuma ya nuna cewa a wannan motar kamfanin yana da gaskiya.

A nan ne zan kawo babban ƙorafina a kan cibiyar. Komai da Turanci ake yi, daga takardar farko har ta ƙarshe, kuma ba su da tafinta na dindindin. Sai da lauyana ya nema sannan aka ce mu kawo namu mu biya, wanda muka samu kuwa bai san kalmomin ciniki ba, har sau biyu ina gyara masa fassarar maganar shaidana. Cibiyar da ke karɓar rigingimun amfanin gona, alhali mafi yawan masu kawo riɗi da zoɓo da citta daga Arewa suke, bai kamata ta ɗauki Hausa a matsayin wani ƙari da mai buƙata zai nemo wa kansa ba. Ofishin sakatariyarsu ma yana da nawa wajen amsa saƙo, akwai takardar da muka aika aka yi mako guda ba a isar da ita ga ɗaya ɓangaren ba.

Hukuncin ya fito a rubuce wata biyar bayan zaman farko, ɗauke da sa hannunsa da kwanan wata da dalilan da ya dogara da su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda doka ta tanada. Ya umarci kamfanin ya biya kuɗin tirela biyu cif, ya amince da rage farashin ta uku gwargwadon abin da gwaji ya nuna, ya kuma yi watsi da diyyar da na nema ta ribar da na ce na rasa a cinikin da ya wuce ni, domin ban kawo wata takarda da ke tabbatar da wannan ciniki ba. Kuɗin ruwa kuwa tun farko na hana lauyana nema, ko da yake ya shaida mini cewa mai raba gardama yana da ikon bayarwa. Na ji zafin rasa diyyar, don na san a raina cewa asarar ta faru, amma da na sa aka karanta mini dalilansa sau biyu ban sami inda zan ce ya zalunce ni ba. Bai raba abin gida biyu don kowa ya ji daɗi ba, kowane ɓangare na ƙorafin ya auna shi da hujjar da aka kawo masa.

Da na tambayi lauyana batun ɗaukaka ƙara a kan diyyar, amsar da ya ba ni ita ce abin da nake so kowane mai karatu ya riƙe kafin ya sa hannu a irin wannan takarda. Babu ɗaukaka ƙara a kan cewa mai raba gardama ya yi kuskuren fahimtar hujja. Abin da ake iya yi shi ne a roƙi kotu ta soke hukuncin cikin wata uku, kuma a kan dalilai ƙalilan ne, kamar a ce ba a sanar da mutum zaman ba, ko ba a ba shi damar kare kansa ba, ko an yanke hukunci a kan abin da ba a miƙa ba, ko hukuncin ya saɓa wa maslahar jama'a. Sabuwar dokar ta buɗe wata ƙofa ta kafa kwamiti na biyu da zai duba hukuncin cikin kwana 60, amma sai idan an rubuta hakan a yarjejeniya, mu kuwa ba mu rubuta ba. Girman wannan haɗari ya bayyana a rigimar Najeriya da kamfanin P&ID a kan kwangilar iskar gas ta 2010, inda masu raba gardama a Landan suka yanke wa ƙasar biyan dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya hau har ya haura biliyan 11, kuma ba a soke hukuncin ba sai a ƙarshen shekarar 2023, bayan da babbar kotun Ingila ta gamsu cewa an samo shi ta hanyar zamba da cin hanci. Ƙasa guda ta sha wannan wahala kafin ta kuɓuta, ina ga ɗan kasuwa mai sito ɗaya.

Batun kuɗi kuma ba abin ɓoyewa ba ne: hidimar tana da tsada. Ana lissafa ladan mai raba gardama da na cibiyar gwargwadon yawan kuɗin da ake jayayya a kai, kowane ɓangare ya ajiye rabi tun kafin a fara, ga kuɗin lauya, ga jirgi da masauki a Abuja ni da shaidu biyu. Ko da yake hukuncin ya ɗora wa kamfanin kaso mafi girma na ɗawainiyar, abin da ya fita daga hannuna ya kusa cinye ribar mota guda. Saboda haka ba zan ba wanda rigimarsa ta buhu ashirin ko talatin ce shawarar bin wannan hanya ba. Akwai cibiyoyin sasanci da ke jingine da manyan kotuna, waɗanda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa, ta farko an buɗe ta a Legas a 2002, ta Abuja a 2003, ta Kano kuma a 2009, inda ake iya yin sulhu da kuɗi kaɗan alƙali ya sa hannu ya zama hukuncin kotu. Hukuncin dattawa da shugabannin kasuwa ma yana da matsayi a doka, domin Kotun Ƙoli a shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991 ta amince da raba gardama bisa al'ada idan mutane sun kai kansu da yardarsu. Abin da yake raunana namu na kasuwa shi ne rashin rubutawa, sai bayan wata shida kowa ya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi.

Inda wannan hidima ta fi kowace hanya amfani shi ne ciniki mai nauyi da wanda ba ku haɗa gari ko shugabanni ba, wanda babu dattijon da zai kira shi ya zo. Hukuncin da aka ba ni, da a ce kamfanin ya ƙi biya, da na kai shi babbar kotu ta amince da shi, a zartar da shi kamar nata, har a kai ga riƙe asusun banki. Ga masu ciniki da ƙetare kuma akwai yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya ta shiga a 1970, kuma ƙasashe fiye da 170 suke cikinta, har da Nijar da Ghana da Kamaru, wadda ta sa ake iya zartar da irin wannan hukunci a wata ƙasa cikin sauƙin da hukuncin kotun gida ba ya samu.

Ni ban kai ga haka ba. Kamfanin ya biya cikin kwana talatin ɗin da aka ɗibar masa, kuma saboda ba a yi tonon silili a bainar jama'a ba, da kaka ta zagayo manajansu ya kira ni yana neman kaya. Na amince, amma a wannan karon na zauna da lauyana muka sake rubuta wancan sakin layi: za a fara gwada sulhu na mako uku kafin a je ga mai raba gardama, zaman a Kano za a yi shi, za a samar da tafintan Hausa a raba kuɗinsa, kuma kowace mota za a ɗebi samfurinta a gaban wakilan ɓangarorin biyu a rufe da hatimi kafin ta bar Dawanau. Sun karɓi uku daga ciki ba musu, batun wurin zama kuwa muka tsaya a kan cewa za a yi ta bidiyo, sai ranar sauraron shaidu kaɗai za a haɗu a Abuja.